Ƙofar da Ƙanjamau Ke Bi, da Tsirran da Aka So Su Toshe Ta

Mu da muka tashi muna ganin saiwa da sassaƙe a hannun iyayenmu, ba ma mamaki idan aka ce magani yana daji. Masana kimiyya ma sun waiwayi tsirrai a yaƙinsu da ƙanjamau, kuma ya kamata mu san abin da suka samo.

A shekarar 1996 aka gano cewa ƙwayar cutar ba ta shiga ƙwayoyin garkuwar jiki ta ƙofa guda. Bayan ta kama wadda ake kira CD4, sai ta nemi ta biyu, CCR5 ko CXCR4. Asalin aikin waɗannan biyun shi ne karɓar saƙon da ke kiran ƙwayoyin garkuwa zuwa inda ciwo yake. A shekarar ce kuma aka lura cewa wasu mutane, galibinsu 'yan asalin Turai, da aka haifa ba su da CCR5 mai aiki, da wuya cutar ta kama su. Daga nan aka shiga neman abin da zai toshe ƙofar.

A 2003 aka nuna cewa shikonin, wani jan sinadari daga saiwar da Sinawa suka daɗe suna magani da ita, yana rage CCR5. A 2004 masanan kamfanin Merck suka tace anibamine daga itacen Aniba na Kudancin Amurka, suka ga yana manne wa ƙofar. Hatta sinadarin tanin, dangin wanda majemanmu ke samu daga bagaruwa, an ga yana hana saƙo isa ga CXCR4.

Sai dai duk wannan a ɗakin gwaji ne. Abin da ya yi aiki a kwalba yana iya zama guba a jiki, ko ya kasa isa cikin jini. Har yau babu ɗayansu da ya zama maganin ƙanjamau. Maraviroc, mai toshe CCR5, wanda Amurka ta amince da shi a 2007, haɗa shi aka yi a kamfanin Pfizer.

A wannan shekara ta 2007 ne Yahya Jammeh, shugaban Gambiya na lokacin, ya ce yana warkar da cutar da ganyaye. Aka sa marasa lafiya suka bar maganin asibiti, wasunsu suka rasa rayukansu.

Don haka, 'yan'uwa, idan muka ji an ce bincike ya tabbatar da wani ganye, mu tambaya: a kwalba ko a jikin mutum? Kafin amsa ta zo, kada wanda ke shan maganinsa ya ajiye shi.