Asalin Ɗakin Kulawa ta Musamman a Asibiti

Mutane da yawa na ɗaukar cewa injuna ne ƙashin bayan ɗakin da ake kwantar da waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa. Tarihin ɗakin ya nuna cewa da hannun ɗan'adam da idonsa aka fara shi. A shekarar 1952 annobar shan-inna ta afka wa Kopenhagen, babban birnin Danmak, har asibitin Blegdam ya riƙa karɓar kusan mutum 50 a rana. Mun fi sanin cutar da shanye ƙafa, amma wani lokaci takan kama numfashi da haɗiya, yawu ya taru a maƙogwaro, yaro ya shaƙe yana ji yana gani. Babban injin numfashi ɗaya tal asibitin ke da shi, sai ƙanana shida. Cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya gaza, 27 suka rasu.

Bjørn Ibsen, likitan da ke sa barci lokacin tiyata, shi ya gano cewa gurɓatacciyar iskar da ta kasa fita daga jiki ce ke kashe su. Ranar 27 ga Agusta aka huda maƙogwaron wata yarinya 'yar shekara 12, aka zura bututu, ya riƙa matsa jakar roba yana hura mata iska, ta kuwa rayu. Daga nan aka kira ɗaliban likitanci da na haƙori, kimanin 1,500, suna karɓa-karɓa dare da rana, kowa da jakarsa a gefen gado. A duba halin mai kwance: idonsa biyu, bututu ya hana shi magana, numfashinsa na hannun wani matashi da bai taɓa gani ba. Da ƙifta ido yake sanar da shi iska ta yi kaɗan. Mace-macen da suka haura 80 cikin 100 suka sauko zuwa wajen 40.

Wani zai ce ai rashi ne ya sa aka yi haka, kuma ba a jima ba injuna suka karɓi aikin jakar. Gaskiya ne, babu mai hankalin da zai so a koma matsa roba. Sai dai abin da Ibsen ya kafa a 1953, ɗakin da ake ɗauka shi ne na farko irinsa, tsari ne: a tara masu tsananin ciwo wuri guda, a sa ƙwararre kusa da kowane gado, a riƙa awo ana rubutawa. Inji na hura iska, amma idan bututu ya toshe ƙara kawai zai yi, sai an sami mai tasowa. Don haka asibitin da ya sayi injuna bai horar da ma'aikatan jinya ba, bai buɗe ɗakin kulawa ta musamman ba tukuna.