Garkuwa a Sama, Lantarki a Ƙasa: Gyara ga Masu Kafa Hujja da Arahar Roka

Tun daga 27 ga Janairun 2025, ranar da Donald Trump ya sa hannu kan umarnin gina garkuwar makamai masu linzami da daga baya aka raɗa wa suna Golden Dome, hujja guda ake ta nanatawa a rubuce-rubucen masu goyon bayan shirin. Cewa suke tsadar harba kaya zuwa sararin samaniya ce ta kashe makamancin shirin da Ronald Reagan ya ƙaddamar a 1983, kuma tunda SpaceX ta karya farashi, abin da ya rage aikin injiniyoyi ne kawai.  Jayayyata tana kan wannan "tunda". A ganina ba a nan gizo ke saƙar ba, kuma hujjar ta tsallake wata asara da ta shafi makamashi.

Gaskiyar mai wannan ra'ayi ita ce farashi ya faɗi warwas. Kai kilo ɗaya sama da kumbon Shuttle ya haura dala 50,000, da rokar Falcon 9 kuwa ya sauko kimanin dala 3,000. Sai dai mu dubi aikin da ake so makamin kakkaɓowa ya yi. Lokacin da ya fi dacewa a tare makami mai linzami mai tsallake nahiya shi ne yayin da injinsa ke ci da wuta, kafin ya saki kawunansa na gaske da na bogi. Mai amfani da daskararren mai yana gama wannan cikin kimanin minti 3. A cikin mintunan nan uku sai tauraron ɗan'adam ya hango zafin wutar, a tabbatar makami ne, a gane inda ya dosa, a ba da izini, sannan mai kakkaɓowa ya ci tazarar ɗaruruwan kilomita ya same shi. Shi kuma mai kakkaɓowar ba a tsaye yake ba. Yana gudun fiye da kilomita 7 a kowace daƙiƙa, yana zagaye duniya cikin minti 90. Kamar masu gadi ne da aka ɗora bisa kekuna marasa birki suna kewaya ganuwa: a kowane lokaci ɗaya ko biyu ne ke kusa da ƙofar da ɓarawo zai ɓullo, sauran suna can bayan gari. Wannan ne ya sa Ƙungiyar Masana Fiziks ta Amurka, a rahotonta na 2003, ta ƙiyasta cewa sai an jera kimanin 1,600 a sama kafin a tabbatar da tare makami guda mai daskararren mai. Idan abokin gaba ya harbo goma a tare daga wuri ɗaya, adadin ninkuwa yake yi daidai da haka.

Mai hujjar araha zai ce: to ina matsalar, tunda Starlink ta jera dubban taurari? Wannan ce amsarsa mafi ƙarfi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ta nuna ana iya ƙera taurari da yawa a harba su akai-akai, abin da ba a iya ba a zamanin Reagan. Amma tauraron intanet saƙo yake karɓa ya miƙa, idan ya kuskure na bayansa ya cike gurbi. Mai kakkaɓowa yana ɗauke da injin roka, da mai, da na'urar hango zafi, kuma dama ɗaya gare shi. Tsadarsa tana jikinsa. Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisar Dokokin Amurka ya sake lissafi a Mayun 2025, ya sa arahar harbawa a ciki, sai ya tarar ta rage jimillar ne da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, abin da ya bar kuɗin tsakanin dala biliyan 161 da biliyan 542 cikin shekara 20. Wannan kuwa garkuwa ce da aka auna da ƴan makaman ƙasa irin Koriya ta Arewa. Ga shi kuma taurarin da ke kusa da doron ƙasa ba sa daɗewa, bayan ƴan shekaru sai an sauya su.

Zai kuma kawo misalin Isra'ila, inda aka kakkaɓo mafi yawan makamai da jirage marasa matuƙa sama da 300 da Iran ta harba a Afrilun 2024. Nasara ce ta gaske. Amma ƙasar ƙarama ce, an sami gargaɗi tun da wuri, ƙawaye sun sa hannu, kuma ƴan makaman da suka tsallake ba na nukiliya ba ne. Garkuwar da ta tare 90 cikin 100 abin yabo ce a irin wancan yaƙi. A yaƙin ƙare-dangi goman da suka wuce birane ne. Har ila yau arahar roka ba ta Amurka kaɗai ba ce. Su kansu taurarin garkuwar ana iya harbo su: Sin ta tarwatsa tauraronta a Janairun 2007, Rasha ta yi haka a Nuwamban 2021. Wanda ke son ya wuce ba sai ya rushe garkuwar duka ba, ɓula ƙofa ɗaya ya ishe shi.

A nan dole in taƙaita da'awata. Ban ce ba za a taɓa iya tare makami daga sama ba, kuma mai yiwuwa ƙaramar garkuwa ta yi amfani a kan ƙasa mai ƴan makamai. Abin da shaidu suka ba ni damar faɗa shi ne: a gaban Rasha ko Sin, ƙara makami ya fi ƙara garkuwa araha, kuma su ma sun san haka. Bayan Amurka ta fice daga yarjejeniyar taƙaita garkuwa ta 1972 a Yunin 2002, Vladimir Putin ya fito a Maris 2018 ya gabatar da sababbin makamai, wato Avangard, da Burevestnik, da Poseidon, ya kuma danganta su da wannan ficewa kai tsaye.

Ga inda makamashi ya shigo. Daga 1993 zuwa 2013 Rasha ta kwance tan 500 na yuraniyom ɗin bam, daidai da kawunan nukiliya 20,000, ta surka shi da mara ƙarfi har ya koma man tashar lantarki, Amurka ta saya. Masanin fiziks Thomas Neff ne ya fara kawo shawarar a 1991. Jiragen ruwa sun riƙa lodin manyan tukwanen ƙarfe a Saint Petersburg suna tsallaka teku, na ƙarshe ya sauke a Baltimore a Disamban 2013. A tsawon shekarun nan, kusan ƙwan lantarki ɗaya cikin goma a Amurka da tsohon bam ɗin Tarayyar Sobiyat yake haskawa. Ba kowa ya ci riba ba: wannan kaya yana cikin abubuwan da suka danne farashin yuraniyom har ya sauko kusan dala 7 kan fam ɗaya a 2000, kuma ƙasashe masu haƙar sa, har da Nijar mai ma'adinan Arlit, sun ji a jikinsu. Duk da haka ban san wata manufar makamashi da ta rage haɗarin yaƙi kamar wannan ba.

Abokin jayayya zai tuna mini cewa cinikin ya ci gaba shekara 11 bayan ficewar 2002, don haka garkuwa ba ta kashe shi ba. Haka ne, kuma talaucin Rasha a shekarun 1990 ya taka rawa babba wajen ƙulla shi. Amma garkuwar da Amurka ta gina bayan 2002 ƙarama ce, makamai 44 a Alaska da Kalifoniya, waɗanda ba su isa su tsorata mai dubban kawuna ba. Ƙasa ba ta sayar da yuraniyom ɗin bam sai ta ɗauke shi rara, kuma ba ta ɗaukar sa rara sai ta tabbata ɗan abin da ta rage zai isa inda ta nufa. Garkuwar da aka ce za ta rufe nahiya guda wannan tabbaci take neman kawarwa, ko da a ƙarshe ba ta yi aiki ba, domin masu tsara yaƙi da mafi munin zato suke lissafi.

Alamun juyawar ruwa sun fara bayyana, kodayake ba zan ɗora su duka a kan garkuwa ba. A 2021 hotunan taurari sun nuna sababbin filayen ramukan makamai a Yumen da Hami na ƙasar Sin, zuwa 2025 kawunan nukiliyarta sun kai kimanin 600, kuma jami'an Amurka suna zargin cewa sababbin tashoshin nukiliyarta na Xiapu, waɗanda Rasha ke ba wa mai, za su iya samar da sinadarin bam. Ita kanta Amurka, wadda a lokacin take sayen kusan rubu'in tataccen yuraniyom ɗinta daga Rasha, ta haramta shigo da shi a Mayun 2024, tare da sassaucin da zai ƙare a ƙarshen 2027.