Karen Yaƙi a Wasannin Dabarun Kwamfuta: Abin da Allo Ya Nuna da Abin da Ya Ɓoye

Wasannin dabarun yaƙi, waɗanda mai wasa ke gina gari a cikinsu, ya tara abinci da zinariya, ya horar da runduna, sun zama ƙofar da matasa da yawa ke fara leƙa tarihi ta cikinta. Masu nazari sukan mai da hankali kan mahaya dawakai da maharba, su tsallake kare. Wannan maƙala tana kafa hujja cewa wasannin sun ɗauko haƙoran kare daga tarihi, amma sun bar mutumin da aka ciza a waje, kuma wannan giɓi yana gurɓata fahimtar mai wasa.

A wasan Rome: Total War, wanda kamfanin Creative Assembly ya fitar a 2004, Romawa suna da rukunin karnuka da ake saki kan abokan gaba a tsakiyar fage. Shaidar tarihi ba ta kai nan ba. Marubucin nan Polyaenus ya ruwaito cewa Sarki Alyattes na Lidiya ya yi amfani da karnuka a kan Kimeriyawa kimanin shekaru 600 kafin haihuwar Annabi Isa, Strabo kuma ya ce Biritaniya tana fitar da karnukan farauta waɗanda Keltawa ke kai wa yaƙi. A ɓangaren Romawa kuwa, labarin da ya fi fitowa fili shi ne na Marcus Pomponius Matho, wanda a shekara ta 231 kafin haihuwar Annabi Isa ya kai karnuka tsibirin Sardiniya domin zaƙulo mutanen da suka ɓuya a kogo da daji. Dalilin ƙarancin shaidar bai da wuyar ganewa: kare ba ya fasa sahun garkuwa da mashi. Aikinsa gadi ne, da bin sawu, da kamo wanda ya juya baya. Ko a cikin wasan, karnukan sun fi yin ɓarna ga marasa sulke da masu gudu, kuma in an sake su ba a iya kiransu su dawo. Tsarin wasan ya taɓo gaskiya, sai dai bai gaya wa mai wasa ko su wane ne masu gudun a tarihi ba.

Matsalar ta fi tsanani a Age of Empires III na 2005, inda mai binciken ƙasa na Sifaniyawa ke iya horar da karnukan yaƙi. Wannan kam yana da tushe mai ƙarfi. Kolombus ya saki karnuka a kan 'yan ƙabilar Taino a tsibirin Hispaniola a 1495. A 1513, a ƙasar Panama ta yau, Vasco Núñez de Balboa ya sa karnuka suka yayyaga mutane kusan 40 a Quarequa. Karensa Leoncico har kaso ake ware masa daga ganima kamar kowane soja, haka shi ma wani kare mai suna Becerrillo ya yi suna a Puerto Rico. Limamin Kirista Bartolomé de las Casas ya bayyana irin wannan ta'asa a littafinsa da aka buga a 1552. To, me karen ke yi a cikin wasa? Galibi yana taya mai gidansa kashe namun daji da 'yan fashin da ke gadin taska. Ƙananan ƙauyukan 'yan asalin ƙasa kuwa ba a iya rusa su. Wurin ciniki kawai ake ginawa a ƙulla ƙawance. Makamin firgita farar hula ya koma abokin yawon neman dukiya.

Mai ja zai ce ai wasa wasa ne, kuma ba wanda ke son ganin kisan gilla a allon ɗansa. Wannan magana tana da nauyi, ba kuma zubar da jini ake nema ba. Amma wasan da ya yi ado da sunan tarihi ya ɗauki amana. Masu Age of Empires III ma sun yarda da haka, domin a sabon bugun 2020 sun sauya sunan zamanin mulkin mallaka zuwa zamanin kasuwanci, sun kuma gyara yadda aka siffanta wasu 'yan asalin Amurka. Wanda ya iya gyara suna zai iya faɗin abin da aka yi da kare.

Wasannin tatsuniyoyi ma ba su tsira ba. A Age of Mythology na 2002, Fenrir, kerkecin da allolin mutanen arewacin Turai suka ɗaure har zuwa ƙarshen duniya, ya zama garken da ƙarfinsa ke ƙaruwa da yawansa. Anubis na Masar, mai kula da gawa da awon zuciyar mamaci, ya ba da mayaƙa masu tsalle kan abokan gaba. A ƙarin da aka yi wa wasan a 2003, Cerberus, mai tsaron ƙofar lahira a wurin Girkawa, ya zama ƙaton dodo mai rushe gari. A asali waɗannan halittu suna tsaye ne a kan iyaka, tsakanin rai da mutuwa ko tsakanin tsari da rugujewa. Tsarin wasa bai san komai ba sai lissafin duka da juriya, shi ya sa mai gadi ya koma mahari.

Wannan tattaunawa ta shafe mu kai tsaye tun 2021, lokacin da aka saka Hausawa, ƙarƙashin Sarauniya Amina, a cikin Age of Empires III. Injin da ya tace tarihin Taino shi ne yake gabatar da namu ga duniya. Saboda haka malamai da masana su riƙa karanta waɗannan wasanni kamar yadda suke karanta littafi, suna tambayar kowane rukunin mayaƙa: a kan wa aka yi amfani da shi, kuma ina muryar wannan mutumin? Masu ƙirƙira kuma su rubuta amsar a bayanin da ke rakiyar rukunin, inda mai wasa zai gani kafin ya ba da umarnin kai hari.