Dogo a Zazzau da Jirgin Shinkansen na Japan: Awo Ɗaya, Manufa Biyu

Gabatarwa

Sunayen wasu ƙofofin birnin Zariya, irin su Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan, suna tuna mana da garuruwan da hanyoyin ƙafa suke dosa daga birni a zamanin fatauci. Da jirgin ƙasa ya zo bai bi ta ko ɗaya daga cikinsu ba. A hayin rafin Kubanni aka kafa tasharsa, inda Sabon Gari ya tashi. Manufar wannan maƙala ita ce a kwatanta tarihin wannan dogo da na ƙasar Japan. Dalili kuwa shi ne ƙasashen biyu sun fara da awon layi iri ɗaya, watau ƙafa uku da inci shida (milimita 1,067), kuma duk a hannun injiniyoyin Ingila, amma suka ƙare a wurare mabambanta.

Zuwan Dogo Zazzau

An fara shimfiɗa layin Baro zuwa Kano a 1907 a zamanin Gwamna Girouard, ya ratsa ta Zariya ya isa Kano a 1911. Yawancin leburorin ta hannun sarakuna da hakimai aka tara su, sau da yawa ba da son ransu ba. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi (1903-1920) ya ga aikin da idonsa, har ya bar mana Waƙar Diga a kansa. Ta wannan kafa ce kalmomi irin su reluwe da tasha da layi suka zauna da gindinsu a Hausa.

Ba a jima ba Zariya ta zama mahaɗa. Ƙaramin layin da ya tashi daga nan ya isa Bukuru a 1914 domin kwaso kuza, aka rufe shi a 1957. Wani reshen ya bi ta Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929 saboda gyaɗa da auduga. Kamfanin BCGA kuma ya kafa injin gurzar auduga a Zariya. Duk wanda ya dubi taswira zai ga kowane reshe daga inda ake noma ko haƙar ma'adini ya taso, ya nufi bakin teku. Ɗaukar mutane daga wannan gari zuwa wancan bai zama babban abin da aka sa a gaba ba.

Yadda Japan ta Sake Shiri

A 1872 aka buɗe layin farko a Japan tsakanin Tokiyo da Yokohama, wanda aka soma gina shi ƙarƙashin injiniya Edmund Morel ɗan Ingila. Daga baya aka miƙa shi ya bi Tokaido, tsohuwar hanyar ƙafa mai zango 53 wadda ta haɗa Tokiyo da Kiyoto. Watau su dogonsu sawun matafiyansu na dauri ya bi. Bayan yaƙin duniya na biyu layin ya cika maƙil da fasinja da kaya. Wasu suka ba da shawarar a ƙara wani siririn layin a gefensa. Shugaban hukumar jiragen ƙasa, Shinji Sogo, da babban injiniyansa Hideo Shima suka dage a kan a gina sabo fil mai faɗin milimita 1,435, wanda babu hanyar mota da za ta gitta shi, kuma jirgin kaya ba zai hau shi ba. Sunan Shinkansen ma ma'anarsa ke nan: sabon babban layi.

An soma aiki a 1959, Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 80 a 1961. Kuɗin aikin ya kusa ninka abin da aka ƙiyasta, har Sogo da Shima suka sauka daga muƙamansu a 1963. Duk da haka an buɗe layin ranar 1 ga Oktoba, 1964, kwana tara kafin wasannin Olimfik na Tokiyo. Tsawonsa kilomita 515, gudun jirgin kilomita 210 a awa. Tafiyar Tokiyo zuwa Osaka da take cin awa shida da rabi ta koma awa huɗu, a 1965 kuma ta koma awa uku da minti goma. An miƙa layin zuwa Hakata a 1975, gudun jirgin Tokaido kuma ya kai kilomita 285 a 2015.

Shekarar 1964 a Nijeriya

Abin lura shi ne a wannan shekara ta 1964 Nijeriya ma ta kammala babban aikin dogo, watau layin Kuru zuwa Maiduguri, da rancen dala miliyan 28 da ta karɓa daga Bankin Duniya a 1958. Sai dai a kan tsohon awo aka gina shi, da tsohuwar manufa ta kwaso amfanin gona. Da gyaɗa ta ja baya a shekarun 1970, man fetur ya karɓe tattalin arziki, manyan motoci suka mamaye hanyoyi, sai dogo ya rasa abin da aka yi shi dominsa. Garuruwan tasha irin su Zariya su suka fi jin jiki. Sai a 2016 aka buɗe faffaɗan layi na Abuja zuwa Kaduna mai kilomita 186, sa'an nan a 2021 aka aza harsashin na Kaduna zuwa Kano, wanda aka tsara zai bi ta Zariya.

Kammalawa

Ba daidai ba ne a yi wa ƙasashen biyu kuɗin goro. Japan ba ta taɓa zama ƙarƙashin mulkin mallaka ba, ga masana'antu, ga manyan birane jere a kan hanya ɗaya. Amma kwatancen ya nuna cewa siririn awo ba shi kaɗai ne ya durƙusar da dogonmu ba, tun da Japan har yau tana amfani da shi a yawancin layukanta. Bambancin yana ga tambayar da aka fara yi kafin a kafa diga: wa za a ɗauka, kuma zuwa ina? Japan ta amsa ta da bukatar mutanenta, mu kuwa wasu ne suka amsa mana. Yanzu da ake batun sabon layi, ya kamata masana tarihi da harshe su tattara abin da ya rage a bakin tsofaffin ma'aikatan reluwe na Sabon Gari, kuma mutanen birni, daga Ƙofar Kuyambana har Ƙofar Doka, su sa baki a kan yadda jirgin zai amfane su.