Ninkin Takarda: Daga Layun Dawakin Daura zuwa Ƙwallon Kusudama

Wanda duk ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Daura ranar hawan Sallar Gani, ba nisa da rijiyar Kusugu, ya ga yadda ake jera layu a goshin doki da wuyansa, wasu masu kusurwa huɗu, wasu masu kusurwa uku, duk girmansu ɗaya. Da yawa daga cikinsu a yau kwalliya ce zalla, fata ce ko azurfa ba komai a ciki. Amma siffar ta samo asali ne daga abin da a da ake ɗinkewa a cikinsu, wato ƙaramar takarda da malami ya rubuta, ya ninke ta sau da yawa har ta koma kamar kan babban yatsa, sannan ya miƙa wa baduku ya rufe ta. Wannan jeri shi ya faɗo mini a rai ranar da na fara riƙe irin ƙwallon takardar nan na Japan da ake haɗawa daga ƙananan murabba'ai, kuma tun daga ranar wata tambaya take cina: mutanen da suka iya ninke takarda haka, suka kuma iya zayyana da dagi da aska takwas, me ya hana su mayar da ninkin takarda abin ado?

Sana'ar da Japanawa suke kira origami sunanta daga kalmomi biyu yake, ninkewa da takarda. Reshenta da ya shafe mu shi ne wanda ake ninke murabba'ai masu yawa iri ɗaya, kowanne ya fito da harshe da aljihu, sai a cusa harshen wannan cikin aljihun wancan har su kama juna ba tare da ƙaro ko zare ba. Mafi shahara shi ne ninkin Sonobe, mai ɗauke da sunan Mitsunobu Sonobe, wanda ya bazu daga ƙarshen shekarun 1960. Guda shida suna ba da akwati mai fuska shida, guda goma sha biyu ko talatin kuwa suna ba da ƙwallo mai tsinaye kamar tauraro. Tunanin ya girmi Sonobe nesa ba kusa ba, domin wani littafin zane na Hayato Ohoka da aka buga a 1734 ya nuna hoton akwatin takarda irin wannan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne kakan waɗannan ƙwallaye, wanda ake kira kusudama. Ma'anar sunan ita ce ƙwallon magani. A Japan ta dā, ganyaye ne da kayan ƙamshi ake ɗaurewa a dunƙule, a rataye a gida a wata na biyar don kore cuta da sharri. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, ya san abin da ake ratayewa a bakin ƙofa da dalilin ratayewar. Haka nan ninkin takarda na farko a Japan na al'ada ne da girmamawa, ana naɗe kyauta da shi bisa ƙa'idoji a gidajen manya. Sai a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da takardar gida ta yawaita ta yi araha, ninkin ya sauko hannun yara da matan gida ya zama wasa. A 1797 har an buga littafi sukutum kan yadda ake ninke tsuntsaye masu haɗe da juna daga takarda guda. Daga baya tsarin Friedrich Froebel, Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar ƙananan yara, ya shiga Japan a shekarun 1870 da nasa darussan ninke murabba'i, ya ƙara wa abin ƙarfi a ajin makaranta.

Amsa mai sauƙi ga tambayata ita ce tsada. Ƙasar Hausa ba ta ƙera takarda ba kafin zuwan Turawa; duk wadda malaman Katsina da Kano da Daura suka yi rubutu a kanta raƙuma ne suka ketaro da ita Sahara. A ƙarni na 19 mafi yawanta daga arewacin Italiya take, ta biyo ta Tarabulus da Gadamas, kuma idan ka ɗaga ta a haske za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku, shi ya sa 'yan kasuwa suke kiranta mai wata uku da harshen Italiya. Masana'antar iyalin Galvani da ke Pordenone tana cikin manyan masu yin ta. Can kudu a Kumasi, Baturen Ingila Thomas Bowdich, wanda ya ziyarci fadar Asante a 1817, ya ba da labarin cewa falle guda na takarda yana iya ciyar da ƙaramin malami mai rubuta layu har wata ɗaya. Wa zai ɓata irin wannan dukiya wajen yi wa ɗaki kwalliya?

Sai dai Heinrich Barth ya rikita wannan amsa. Da ya zauna a Kano a 1851 yana ƙididdige kayan kasuwa, ya tarar takarda mai wata uku tana shigowa da yawa, tana araha idan an saye ta a sari, har ma ana naɗe tufafin rini da ita. Wanda ya san turkuɗin Kura ya san har gobe cikin takarda ake naɗe shi don kada shunin ya goge. Ke nan a tsakiyar ƙarni na 19 akwai takardar da ta isa a yi wasa da ita, aƙalla a manyan birane da garuruwan da ke kan hanyar fatake tsakanin Kano da Damagaram, kamar Daura. Duk da haka ba a yi ba.

A ganina dalilin yana cikin ma'anar ninkin shi kansa. Ga Bahaushen dā, takarda gidan rubutu ce, rubutu kuma na Larabci ne ko ajami, wanda ba ya rasa sunan Allah a cikinsa. Yaro yakan tashi da sanin cewa idan ya ga guntuwar takarda mai rubutu a ƙasa sai ya ɗauke ta ya soke a katanga ko a rufin zaure. Karatunsa na farko ma a allo yake yi, ba ya taɓa takarda sai ya yi nisa. Idan kuma aka ninke ta, to ɓoye abin da ke ciki ake nufi. Ana rubuta aya ko a zana hatimi mai gidaje uku-uku ko huɗu-huɗu, a ninke gefe kan gefe, wani lokaci a ɗaure da zare, a rufe da fata, kuma ba a sa ran wani zai sake buɗewa. Ƙwarewar hannun tana nan daram, amma an yi ta ne don kada ido ya gan ta. Mai ninkin Japan kuwa takardarsa fara ce ko mai launi, babu harafi a jikinta, kuma karyar ninkin ita ce abin kallo.

Sha'awar haɗa ƙananan siffofi iri ɗaya su zama babban tsari ba ta rasa mafita ba, ta dai bi ta wasu kayan. Ta shiga hannun dukawa masu yanka fata ja da kore su jera ta a kan titimi da jakar doki da gafaka. Ta shiga faifai da tabarmar kaba, inda zare mai launi yake maimaita kusurwa bayan kusurwa, ta shiga aikin allura a wuyan babbar riga, da zanen magina a fuskar soro. A kan takardar ma ta bayyana, amma da tawada: zayyanar da alarammomi suke yi a Alƙur'anin hannu wajen hizbi da sajada da rubu'i, da'irori da murabba'ai masu ja da ruwan ɗorawa. Akwai kuma dalili na yanayi wanda bai kamata a raina ba. Ƙwallon takarda da aka rataye a ɗakin ƙasa, tsakanin gara da hayaƙin murhu da ƙurar hunturu, da wuya ya ga damina biyu, alhali layar fata tana iya yin shekara hamsin a wuyan doki bayan doki.

Ninkin takarda na wasa ya zo mana ne da makarantar boko, ta hanyar fallen littafin rubutu da ake yagowa a yi jirgin ruwa ko jirgin sama ko hula a bayan idon malami. Wannan takarda ce da ba ta da alfarmar ta zaure, don haka babu mai tsawatarwa sai don ɓarnar littafi. A daidai wannan zamani ita kuma laya ta fara ja da baya, musamman bayan kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da wa'azin da ya biyo baya, har ta kai matasa da yawa a yau ba su taɓa ganin yadda ake ninke ta ba. Ba ina neman a dawo da ita ba ne. Hukuncinta na malamai ne. Abin da ke damuna shi ne idan tsoho ya rasu aka tarar da guru ko kambu a akwatinsa, sau da yawa ƙonawa ake yi ko a binne, ba tare da kowa ya duba irin takardar ba, ko tambarin da ke jikinta, ko yadda aka karya ninkin. A ɗakin karatu na sarauta da ke Kopanhagan akwai ɗaruruwan fallayen Larabci da suka fito daga Kumasi, mafi yawansu na layu da hatimai ne, kuma masana tarihi sun karanto huldar malamai da fadar Asante daga cikinsu. Takardun da ke cikin tsofaffin layun gidajen sarautar Daura da Zango da Baure mai yiwuwa tsararrakinsu ne, wasunsu ma wataƙila daga masana'anta ɗaya suka fito.