Tarihin Tallafa wa Kurame a Ƙasar Hausa

Tallafa wa kurame a ƙasar Hausa ya girmi ƙungiyoyin agaji na zamani nesa ba kusa ba. Tun asali nauyin kurma a wuyan danginsa yake, sai unguwa, sai abin da zakka da sadaka suka kawo. Yaron da ba ya ji yakan tashi cikin sana'ar gidansu, noma ko kiwo ko saƙa, ko su a garuruwan bakin Kwara irin na ƙasar Bagudo a Kebbi, yana koyo da ido kamar yadda 'yan'uwansa ke koyo da kunne. A manyan birane kuwa abin ya kai ga sarauta. Kamar yadda ake da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, a Kano akwai Sarkin Bebaye, wanda yake wakiltar jama'arsa kuma yake sasanta tsakaninsu.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne harshe. Kuramen ƙasar Hausa suna da nasu, maganar hannu, wadda ba a aji aka ƙirƙiro ta ba. A majalisar hira da kasuwa ta ginu, manya suna miƙa wa yara. Masu ji da dama sun iya wani abu daga cikinta, shi ya sa kurma kan yi ciniki da mahauci ko mai hatsi da yatsu, a yi tayi, a yi albarka, a sallama, ba tare da an nemi tafinta ba. Constanze Schmaling, wata Bajamushiya masaniyar harshe, ta zauna da kuramen Kano ta nazarci wannan harshe, ta fitar da littafi a kansa a 2000, inda ta nuna cewa yana da tsari da ƙa'idoji kamar kowane harshe.

Kurumta tana da yawa a wannan yanki saboda cututtukan da ake iya karewa, musamman sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunnen da aka bari ya ruɓe. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe dubban mutane a Arewa, kuma cikin yaran da suka tsira akwai waɗanda suka tashi daga jinya ba sa ji.

Agajin zamani ta hanyar makaranta ya shigo. Fitaccen suna a nan shi ne Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda shi ma sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. Bayan ya gama kwalejin kurame ta Gallaudet a 1954, ya kafa ƙungiyar mishan ta kurame a 1956, ya buɗe makaranta a Gana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, daga baya aikin ya kai Enugu da Kaduna. Kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya buɗe makarantu kimanin talatin a Afirka, har da ƙasashen renon Faransa. Da maganar hannun Amurka ya koyar, kuma ita ce ta zama tushen wadda ake amfani da ita a makarantun Nijeriya da Benin da Nijar. Wannan ya sa kurma ɗan makaranta daga Kebbi zai iya fahimtar takwaransa na tsallaken iyaka gwargwado, ko da ɗaya Turanci ya karanta ɗaya Faransanci. Sai dai an yi hasara, domin an daɗe ana ɗaukar maganar hannun gida a matsayin ta marasa ilimi, alhali ita ce yaro zai koma ya yi da mahaifiyarsa.

A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓi ragamar. A 1977 aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano da kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman a Oyo. Sakkwato tana da makarantar A. A. Raji, wadda ke karɓar kurame da makafi. Daga cikin ɗaliban irin waɗannan makarantu ne aka samu masu kafa ƙungiyoyin kurame na jihohi da ta ƙasa baki ɗaya, kuma su ne suka sauya akalar magana daga neman sadaka zuwa neman haƙƙi. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta wajabta wa asibitocin gwamnati tanadar hanyar sadarwa ga marar lafiyar da ba ya ji, ta kuma ware wa naƙasassu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. A 2020 aka kafa hukumar da za ta kula da aiwatar da ita.

Kusan duk waɗannan ayyuka a manyan birane suke. Ga iyalin da ke garuruwan karkara irin su Zagga ko Ka'oje ko Illo, sa yaro kurma a makaranta yana nufin rabuwa da shi zuwa makarantar kwana mai nisa, ga kuɗin mota, ga fargabar barin wanda ba zai iya kai ƙara da baki ba, musamman 'ya mace. Da yawa sukan haƙura. A ɗakin shan magani na karkara, ɗan'uwan da ya rako marar lafiya shi ne tafinta: kurma ya dafa inda ke masa ciwo, malamin asibiti ya yi bayanin sau nawa za a sha magani, ɗan rakiya ya taƙaita shi da yatsu biyu ko uku. Wayar hannu mai bidiyo ta rage wannan kaɗaici, domin kurame suna hira da juna daga nesa, amma ƙarancin horarrun tafintoci a asibiti da kotu da masallaci shi ne babban abin da ƙungiyoyinsu ke kokawa a kai har yanzu.