Aƙilu Aliyu: Almajirin da Jami'a Ke Nazarin Waƙoƙinsa

Yau kan Alhaji Aƙilu Aliyu za mu tsaya.

A Jega aka haife shi a 1918. Karatun allo ya fito da shi daga gida: ya zo Kano yana matashi, ya wuce Borno ya daɗe, sannan ya dawo Kano ya zauna. Ya shiga NEPU, ya yi mata waƙoƙi a zamanin da talakan karkara ke kuka da haraji da jangali. Ku tambayi dattawan Bichi ko Ɗambatta, da yawansu ta rediyo suka san muryarsa.

A 1977 aka buga littafinsa, Fasaha Aƙiliya, wanda ɗaliban Hausa ke nazarinsa har gobe. Ya rasu a 1999.

To, ga inda abin ya shafe mu. A waƙarsa "Hausa Mai Ban Haushi" ya caccaki masu cakuɗa Hausa da Turanci don burga. Malam, buɗe wayarka ka duba saƙon da ka tura ɗazu. Da yana raye, anya za ka tsira daga alƙalaminsa kuwa?

Sai mun ji daga gare ku.